Yadda Aka Yanke Gashin Ummi a Doha Ina Zaune

Tun da na dawo daga Doha ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kawo mana nono sai da ta sauke ƙwarya ta ce in ba ta labarin ƙasar Larabawa. Kowa na ce masa lafiya lau, alhamdu lillahi. Maman Sadiya ce ta gano ni, ta ce wannan lafiya lau ɗin tawa da ƙashi a cikinta. Gaskiya ta faɗa. In na fara da baki muryata rawa take yi, shi ya sa na ga gara in rubuta, ku karanta a ajinmu, kowa ta ji sau ɗaya a wuce wurin.

Abin da ya kai ni kun sani. Babbar 'yata ce ta haihu, haihuwar fari, aka samu namiji. Zan rubuta Ummi kamar yadda ƙannenta ke ce mata, amma kun san 'yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunanta ba. A ƙa'ida ita za ta zo gida wanka, gwaggonta ta riƙe ta, ni in koma gefe. To aikin asibiti take yi a can, mijinta Sadiƙu kuma injiniya ne a wajen gas, aka ce uwa aka fi ba takardar shiga ƙasar cikin sauƙi. Malam, maigidana, ya ce in shirya. Na nuna kamar ba na so, don haka ya dace in nuna.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama ban goya ta a gaban mutane ba. In ta faɗi sai in kau da kai, in an yabe ta sai in tashi daga wurin. Ƙofa ɗaya al'ada ta bar mini, ita ce kitso. Duk Asabar za ta zo ta ɗora kai a cinyata, in tsefe, in shafa man shanu, in kitse, ba mai cewa na yi rashin kunya. Haka na raini gashin nan, har ya zama in an ja shi yana sauka tsakiyar bayanta. Shekara uku rabon da in taɓa shi. Saboda haka da ana lissafa mini jirgi da dogayen gine-gine, ni kitson arba'in kawai nake gani, wanda zan yi mata da hannuna kafin takardata ta ƙare in dawo.

Daga Funtuwa mota muka bi zuwa Abuja. Kafin mu kai Kaduna man shanun da na ɗura a roba ya narke ya bi ta murfi, ya jiƙa sabuwar atamfar da na ɗinka don sauka. A filin jirgi kuma na'ura ta yi kuka a kan jakar hannuna, aka zazzage aka fito da kibiyar kitsona. Wani ma'aikaci ya ɗaga ta sama yana juyawa kamar ya kama 'yar fashi. Allah ya taimake ni akwai Bahaushiya a cikinsu, ta yi dariya ta ce masa wannan kai take tsagawa ba ciki ba, ta raka ni na mayar da ita cikin babbar jaka.

A jirgi na zauna kusa da wata Rahila, 'yar Kafanchan, nas ce a Doha. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta roƙa mini bargo da sanyi ya nemi hallaka ni, ita ta gaya mini wane abinci zan karɓa. Da muka sauka ma ba ta bar ni ba, kuma da ta bar ni ban san yadda zan yi ba, domin an buɗe kayana aka tarar da rabin buhu na busasshen ganyen darbejiya. Ma'aikacin da ya buɗe ya daɗe yana kallon ganyen yana kallona. Rahila ta yi ta yi masa bayanin wankan jego da Turanci da ɗan Larabci. Ya kwance ƙullin yaji ya kai hanci, ya yi atishawa har uku, daga nan ya ce mu tafi. Muna cikin mota Sadiƙu na tuƙi, ina leƙe ta taga, sai ga darbejiya a bakin titi, kore shar. Na ɗauko ganye tun daga Funtuwa na kawo shi garinsu. Sadiƙu ya ce ai gara da na kawo, don a nan ba a tsinkar ganyen titi yadda aka ga dama.

Gidansu a Al Wukair yake, can bayan gari, bene ne mai ɗakuna a jere. Ba tsakar gida, ba inda za a hura wuta a ɗora garwa. Kowa ƙofarsa a kulle, wadda za ta zo barka sai ta bugo waya ta nemi izini, kamar za ta ga gwamna. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Lokacin zafi na je, famfon da aka ce na sanyi ne in ka buɗe shi da rana sai ya nemi saɓule maka fata. Mu a gida itace muke ƙonawa mai jego ta samu ruwan zafi, su can sai an tara ruwa a bokiti ya huce kafin a wanke jariri. Ranar da na sa turaren wuta kuwa wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, na ɗauki jinjiri na yi ƙofa.

Zama da suruki a gida mai falo ɗaya shi ma jarrabawa ne. Kwana biyu na fari kusan ban ci komai ba, sai da Sadiƙu ya gane, ya riƙa fita bayan magariba don in sake. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Abincinsu na ci, akwai shinkafar da suke dafawa da nama da busasshen lemon tsami, da wani shayi mai kauri da suke ce wa karak, wanda har yau nake marmari. Amma mai jego kunun kanwa na dama mata da farfesu, kamar yadda aka yi mini.

Yanzu na zo kan Hajiya Mariya. Yayar Sadiƙu ce uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta yana koyarwa a jami'a, ta fi shekara goma a ƙasar. Ba zan ci amanarta ba, tana da kyauta, kusan kullum sai ta zo da kula cike da abinci. Sai dai ba abin da zan yi ta gani ba ta ce tsohon yayi ne ba. Ganye tsohon yayi, kunu tsohon yayi, ɗaure ciki tsohon yayi. Bakinta kullum yalla, kullum khalas, wato a yi maza, an gama magana. Ni kuwa, ita dangin miji ce, kuma a kan 'yar fari, me zan ce? Sai in yi murmushi in ce haka ne, Hajiya.

Ita ta fara lura gaban goshin Ummi ya ɗan yi sauƙi, kamar yadda yakan yi wa wasu masu jego. Ni ma na gani, ina shafa masa man kaɗe ba tare da na yi magana ba, na san zai dawo. Hajiya Mariya ta ce za ta haɗa walimar mata a gidanta ranar arba'in, matan likitoci da na injiniyoyi duk za su zo, kuma can cire mayafi ake yi, ba za a ga matar ƙaninta da goshi kamar filin idi ba.

Muna da kwana talatin da uku ta zo ta kai mu asibiti a duba jariri. Da aka gama, maimakon ta juya gida sai ta nufi cikin gari, unguwarsu Al Mirqab, ta tsaya a ƙofar wani shagon gyaran gashi. Ta ce wanke kai kawai za a yi. Mai jego a shago kafin arba'in, wannan ma kaɗai ya isa in yi magana. Ban yi ba. Na karɓi jariri na bi su.

Shagon mata ne zalla, an rufe tagogi, ko'ina madubi. Mu a gida in kin je wurin mai kitso kan tabarma za ki zauna ki ba ta kai, kuma abin da kika je da shi da shi za ki dawo, ba a rage miki ko sili. Can kuwa almakashi ne jere a kan tire, manya da ƙanana, har da wani mai haƙora kamar mataji. Wadda ta karɓi Ummi 'yar ƙasar Filifin ce, siririya, mai sanyin hannu. Ta wanke kan, ta busar da diraya, sannan ta ɗauko wani ƙarfe mai zafi kamar dutsen guga ta riƙa bin gashin tsagi-tsagi tana miƙar da shi. Ina zaune a baya ina gani yana sauka, yana sauka, har ya wuce inda na san shi. Matan shagon suka taso suna taɓawa suna mashaAllah. Na sunkuyar da kai, amma Allah ya san abin da na ji.

Sai Hajiya Mariya ta fito da waya ta nuna wa matar hoto. Wata ce a ciki, an yanke mata gashin goshi an zubo shi kan gira sirara-sirara, ana hango fata ta tsakani, sauran gashin kuma an yanka shi hawa-hawa, na sama gajere, na ƙasa ya fi shi tsawo. Sunan abin da Turanci ya ƙi zama a bakina, ni labule nake ce masa. Ta ce wannan zai rufe goshin, kuma shi ake yayi.

Matar ba ta ɗauki almakashi nan take ba. Ta kama silin gashi daga ƙeya inda ƙarfen bai ci sosai ba, ta ja ta saki, ya koma ya naɗe. Ta yi wata magana mai tsawo tana girgiza kai. Daga baya Ummi ta fassara mini, wai cewa ta yi irin wannan gashin in ya ji ruwa zai koma rabinsa, labulen ba zai kwanta ba sai kullum an bi shi da ƙarfe. Hajiya Mariya ta ce ita ta san kan garin, yalla. Sai matar ta juyo ta dube ni, ni ɗin da ke bayan kowa, ta ce, "Mama, okay?"

Wannan ba ya buƙatar tafinta. Na ji, na gane. Amma yayar miji tana tsaye, 'yar fari tana zaune, in na ce a'a na nuna ke nan ina da iko da ita, na nuna ina sonta a bainar jama'a. Sai na duƙa ina gyara wa jariri hular da ba abin da ya same ta.

Ta tsaga gaban kan kamar kusurwar ɗankwali, ta tattaro abin da ke ciki ta sauko da shi kan fuska, ta murɗa shi sau ɗaya, ta datse daidai karan hanci. Na ji ƙarar a haƙorina. Sannan ta miƙar da bakin almakashin sama tana tsattsaga ƙarshen kaɗan-kaɗan, ta kawo mai haƙoran nan ta rage masa kauri, duk don ya fito sirara. Gashin da ake kukan ya yi kaɗan, shi ake ƙara ragewa. Daga nan ta koma tsakiyar kai, ta ɗaga tsagi sama tsakanin yatsu biyu ta yanke, ta ɗauko na ƙasa da shi ta yanke a karkace, haka har ƙeya. Wata ta zo da tsintsiya mai dogon hannu ta share abin da na yi shekara ashirin ina shafa wa mai, ta zuba a kwandon shara tare da na mutanen da ban sani ba.

Ba zan yi ƙarya ba, a ranar ya yi kyau irin nasu. Hajiya Mariya ta yi ta ɗaukar hoto. A mota ta ce a dakatar da wankan nan na ganye har bayan walima, ko a rufe kan da leda. Wanka kam ban dakatar ba, ba a yanke wa mai jego wanka saura kwana bakwai. Ledar na sa mata. Amma kun san tururin wankan jego, ba leda ba ko ƙwarya aka kife sai ya shiga. Da safe muka fito daga banɗaki, na cire ledar, labulen da jiya yake kan gira ya tattare ya koma sama, ya tsaya cirko-cirko kamar zankon zakara, bai fi gaɓar yatsa ba. Goshin da aka ce za a rufe ya fito fili fiye da da.

Ummi ta tsaya gaban madubi tana kallon goshin. Ni kuwa na je na dama kunu. Da na kawo mata ta karɓa ta ajiye, ta ce, "Umma, sau uku na kalle ki ta madubin shagon nan."

Na ce ban lura ba.

"Kin lura. Ni ba zan iya ce wa Anti a'a ba, yayarsa ce. Na ɗauka ke za ki ce."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Ashe ba so take yi ba. Tana jiran in buɗe baki, ina jiran ta buɗe, baƙuwar da ba ta haɗa komai da mu ba ita kaɗai ta yi ƙoƙarin hanawa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, raina yana tafasa. Na ji haushin Hajiya Mariya, na ji haushin hoton nan, amma wadda na fi jin haushi ita ce matar da ta duƙa tana gyaran hula.

Ranar arba'in bayan wankan safe na shimfiɗa darduma a falo, na ɗauko kibiya da mai, ta zo ta ɗora kai a cinyata. Shuku na yi niyya, mai ƙananan tsaga, irin wanda take so tun tana makaranta. Nan na san sharrin yankan hawa-hawa. Ki kama kitso ki yi taku huɗu, sai gajeren ya zame ya fito ta gefe kamar ƙaiƙayi. Ki ɗauko na ƙasa, shi ma ya ƙare a hanya. Na tsefe na sake, na tsefe na sake. A ƙarshe sai da na haɗa da baƙin zare ina ɗaure kowace jela. Na gaban kuwa ko farce bai kama shi ba.

Muna cikin haka Hajiya Mariya ta shigo da shirinta na walima. Ta tsaya a kanmu ta ce ai ta faɗa, wankan ƙauyen nan ne ya lalata aikin da aka kashe wa lokaci. Ta ce a tsefe wannan abin, ta riga ta kira shago, za a sake bi da ƙarfe, in ya ƙi kwanciya a ƙara gyara bakin da almakashi. Ta miƙo hannu za ta kama kafaɗar yarinyar ta tashe ta. Na ji kan ya ƙara nauyi a cinyata.

Na ce, "Hajiya, ɗauke hannunki."

Ta ce, "Na'am, Mama?"

"Na ce ki ɗauke hannunki daga kan 'yata. Ranar nan na yi shiru, kin ga abin da shirun ya haifa. Yau ba inda za ta je sai na gama, kuma almakashi ba zai sake hawa kan nan ba ina ƙasar nan."

Ban ɗaga murya ba, kun san ba ni da ita. Amma na ce 'yata, a gaban dangin mijinta, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Hajiya Mariya ta tsaya kamar an watsa mata ruwa, ta ce ita da alheri ta nufa. Na ce na sani, Allah ya ba da lada, a bar mana kanmu. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Sai bayan azahar na gama. Na baya ya kitsu, ba yadda nake so ba, amma ya kitsu. Gaban na shafe da mai na kwantar da abin da zai kwanta, muka ja ɗankwali ya sauko har gira. Haka ta je walimar, kuma ba ta cire shi ba har aka tashi. Ni ban je ba, na ce jariri zan riƙe. Kitson da na ƙetare ƙasashe don in yi, rabinsa na samu, kuma ba wanda ya gan shi sai ni da ita.

Bayan kwana biyar na taso. Sadiƙu ya kai ni filin jirgi, bai ce mini komai a kan maganar ba, sai godiya da yake ta yi. Yayarsa ba ta zo sallama ba, ta dai aiko da turare da dabino. Labari kuwa ya riga ni isowa Funtuwa. Ko hutawa ban yi ba Malam ya zaunar da ni, ya ce uwar Sadiƙu ta bugo waya, an ce na yi wa 'yarta tsawa a kan 'yar fari, abin kunya ne, ba a san ni da haka ba. Ya ce in kira Hajiya Mariya in ba ta haƙuri don zumunci.

Na ce masa to, zan kira ta, ranar da gaban kan nan ya kamu a kitso. Shekaranjiya Ummi ta turo mini hoto ta waya, ta ja shi da yatsa don in gani, ya ɗan wuce gaɓa ɗaya da rabi. Na nuna wa Ladi mai kitso, ta ce yadda aka tsattsage bakin nan, in an yi sa'a sai bayan babbar salla. Malam ya sake tuna mini jiya, na ce ban manta ba, lambarta tana nan a wayata.